Yadda zaka haɗa sassan kwamfutar ƙarfe irin wadda ta riƙa saita igwa a jiragen ruwan yaƙi, da katako da kayan gareji

Jama'a kafin a taɓa zarto bari mu san matsalar da ake son warwarewa tukunna, don in baka santa ba duk abinda zaka haɗa wasan yara ne kawai. Manyan jiragen ruwan yaƙin Amurka irinsu Iowa da Missouri faɗin bakin igwarsu inci 16 ne, harsashi ɗaya ya haura kilo 1,200, kuma igwar tana iya wurga shi wajen kilomita 38. A wannan nisan sai harsashin yayi kusan minti ɗaya da rabi yana tafiya a sama, shi kuma jirgin abokin gaba ba tsayawa zaiyi yana jiranka ba, in yana gudun kilomita 55 a awa to kafin harsashin ya sauko ya matsa fiye da kilomita guda daga inda ka ganshi. Kai ma naka jirgin tafiya yake, igiyar ruwa tana kaɗa shi hagu da dama gaba da baya, ga iska, ga zafin albarushi da yake canza saurin fitar harsashi, ga cikin bakin igwar da yake cinyewa duk harbi. Maharbin da ya iya harbin zabo a sama gaban zabon yake nufa ba jikinsa ba, to wannan ne aikin, sai dai shi zabon nan yana can bayan inda ido yake iya gani sosai kuma lissafin baya tsayawa ko na sakan ɗaya.

A yaƙin duniya na biyu babu kwamfuta irin ta yanzu a cikin jirgi, giya ce da shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, da faifai suke wannan lissafin. Turawan Ingila sun fara tun wajen 1902 da wata 'yar na'ura ta wani hafsa Dumaresq, sannan teburin Dreyer da sukayi yaƙin teku na Jutland da Jamus dashi a 1916, a Amurka kuma wani injiniya Hannibal Ford, ba ruwansa da Ford mai mota, shi ya kafa kamfanin Ford Instrument a New York wanda ya ƙera injinan lissafi Mark 1 da Mark 1A na igwa mai inci 5 da kuma Mark 8 na manyan igwoyin. Mark 1A kaɗai nauyinta ya wuce kilo 1,300, akwati ne na ƙarfe da aka ajiye can ƙasan jirgi ƙarƙashin sulke, mutane sun kewaye shi suna murɗa hannaye suna kallon allurai.

Sirrin duka abun guda ɗaya ne, ka riƙe shi da kyau: a cikin wannan injin lamba ba rubutu bace, yawan juyawar shaf ce. A ce an yarda juyi ɗaya na wani shaf yana nufin mita 100, in ya juya sau 35 yana cewa mita 3,500 kenan, in ya juya baya ana ragewa. Giya biyu kuma ninkawa suke da lamba tsayayya, mai haƙori 40 in ta juya mai haƙori 20 an ninka da biyu, shikenan. Duk sauran sassan dabaru ne na haɗa juyi da juyi.

Mu fara da tarawa da ɗebewa tunda shi baka buƙatar ƙera komai. Ka samu makaniken da kuke mutunci dashi, ka roƙe shi lokacin da ya ɗaga motar da baya ke ja, irin Hiace ko akori-kura wadda farfelarta take a fili kana ganinta. Don Allah a sa weji a tayoyin gaba, a ɗora bayan akan abun tsayarwa mai ƙarfi ba jak kaɗai ba, injin a kashe, giya a firi, a saki birkin hannu, kuma kar kowa ya shiga ƙarƙashi, daga gefe zaka leƙa. Ka ɗau alli ka yiwa kowace taya alama, ka yiwa farfela alama. Mutum ɗaya ya riƙe tayar hagu gam, kai ka juya ta dama sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela, abinda ka samu shine rashiyon aksul ɗin, a ce ka samu 4. Yanzu ku juya hagu sau ɗaya dama sau uku, farfela zata baka 8, saboda kwandon difarensha a ciki yana juya rabin jimlar tayoyin biyu, ɗaya da uku huɗu, rabi biyu, sau huɗu takwas. Sai ku juya ɗaya gaba ɗaya baya daidai wa daida, zakaga farfela ko motsi batayi ba, ɗaya a ɗebe ɗaya kenan sifiri. In kaga tayoyin biyu sun nace sai sun juya tare ta gefe guda to irin aksul mai kulle kansa ne, nemi wata motar. Irin wannan giyar ce, 'yar ƙarama da zata zauna a tafin hannu, take cike da cikin Mark 1A, kuma abinda yasa suka so ta shine bata jira ka gama shigar da lamba ɗaya kafin ta karɓi ɗayar, duk biyun suna canzawa lokaci guda amsar kuma tana fita a take.

Na biyu shine kam, faifai mai tudu da kwari a gefe, wanda duk wanda ya taɓa ganin kamshaf na mota ya san siffarsa. A mota bawul yake turawa, a nan kuwa tebur ne na lissafi aka sassaƙa a jikin ƙarfe. Sojoji sun riga sun harba igwar a filin gwaji sun rubuta cewa nisa kaza yana buƙatar ɗaga baki digiri kaza, harsashi zai ɗau sakan kaza, to maimakon wani ya tsaya buɗe littafi ana ruwan wuta sai aka mayar da teburin ya zama tudu da kwari a gefen faifai.

Ka gwada da lissafi mai sauƙi wanda zaka iya tabbatarwa da ka, wato lamba sau kanta. Samu falanki siriri ko kwali mai kauri, ka ɗiga tsakiya, da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafin 'yan makaranta ka ja layuka daga tsakiyar duk bayan digiri 30, ka rubuta musu 0 zuwa 10. A layin 0 ka auna milimita 40 daga tsakiya ka ɗiga. Kowane layi kuma ka ƙara rabin amsar akan 40 ɗin, wato layin 2 amsarsa 4 rabinta 2 sai ka ɗiga a 42, layin 4 a 48, layin 6 a 58, layin 8 a 72, layin 10 a 90, masu mara ma haka, 5 zai faɗa a 52 da rabi. Haɗa ɗige-ɗigen da lanƙwasa mai laushi, ka yanke ta wajen layin kaɗan sannan ka bi da samfefa a hankali har ka taɓa layin, nan ne duk ingancin yake, wanda yayi gaggawa a samfefa kam ɗinsa ƙarya zai riƙa yi masa har abada. Kafa shi da ƙusa a tsakiya akan wani katako, ka sa siririn sanda mai tsini da zai riƙa zamewa tsakanin wasu 'yan katakai biyu yana kallon tsakiyar kam ɗin sak, robar ɗaure kuɗi tana janyo shi ya manne. Liƙa rula a gefensa. Juya kam zuwa 7, sandan zai matsa milimita 24 da rabi, ninka biyu 49. Abun daɗin shine juya shi tsakanin 7 da 8 inda baka taɓa lissafawa ba, zai baka amsa kusa da daidai.

Amma igwar harbo jirgin sama abu biyu take dubawa, nisa da kuma yadda jirgin ya ɗaga sama, kam ɗaya bazai isa ba. Sai suka yi tunanin a jera kam da yawa a shaf ɗaya kowanne na kusurwa daban, a goge tsakaninsu su zama dunƙule guda mai kumburi ta ko'ina. Lamba ɗaya tana juya dunƙulen, ɗayar tana tura ɗan sandan da yake taɓa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tsayin da sandan ya hau shine amsa. Wannan ba aikin gida bane gaskiya, a kamfani ma yana daga cikin masu wahalar ƙerawa, kuma an yanka shi ne don igwa iri ɗaya, ka canza igwar dole ka canza shi. In dai kana son ka ji yadda yake, yanka kam biyar daga kwali masu bambanci kaɗan kaɗan ka manna su ka bi da yatsa.

Ninkawar lambobi biyu masu canzawa ba zan daɗe akanta ba. Kafa rula doguwa da ƙusa a gefe ɗaya yadda zata iya ɗagawa, ja layi a kwance daga ƙusar, a santimita 10 ka tsayar da layi sama. Ɗaga rular har ta ratsa wannan layin a tsayin santimita 4, sai ka dawo santimita 7 daga ƙusa ka auna tsayin rular a wurin, 2.8 zaka gani, ninka da 10 ka samu 28, 4 sau 7 kenan. Na gaske ƙarafa ne masu tsaga da fil a ciki amma dabarar ita ce wannan.

Wanda yafi muhimmanci shine mai raba gudu gida biyu. Jirgin abokin gaba ba kai tsaye yake zuwa wajenka ba, a karkace yake tafiya, wani ɓangaren gudunsa yana rage nisan da ke tsakaninku, wani ɓangaren yana gusar dashi gefe, na farko shi ya shafi ɗaga bakin igwa na biyu kuma juya ta. Yanka faifan kwali ka tsaga shi daga tsakiya zuwa baki, ka sa ƙusa a tsagar da zata iya matsawa. Nisan ƙusar daga tsakiya shine gudu, mu ce santimita ɗaya kilomita 4 a awa, jirgi mai gudun 40 ƙusarsa tana santimita 10. Juyin faifan kuma shine inda jirgin ya dosa. Ɗora shi akan takarda mai layin tsaye da na kwance da suka haɗu a tsakiyarsa, na tsayen shine layin da ke tsakaninka da shi, karkata faifan digiri 30 daga layin tsaye, auna: ƙusar tayi gaba santimita 8.7 tayi gefe santimita 5, wato yana matsoka da kusan kilomita 35 a awa yana gusawa gefe da 20. A injin gaske faranti biyu ne masu tsaga suka haye ƙusar ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ita ke tura su, kuma akwai irin wannan na jirginka da na abokin gaba da na iska, sai difarensha ta haɗa amsoshin.

Yanzu ga uwa uba, faifai da taya, wanda a ganina in ka haɗa shi kaɗai ka bar sauran ma baka yi asara ba. Ka san gudun da nisa yake raguwa dashi, to nawa ya ragu zuwa yanzu, alhali gudun kansa canzawa yake kowane lokaci? Wannan shine lissafin da ɗaliban jami'a suke kuka dashi a aji ɗaya, James Thomson ɗan'uwan masanin kimiyya Lord Kelvin ya fito da na'urar ƙwallo da faifai ta yinsa a 1876, sojojin ruwa suka ɗauka daga baya.

Kafinta ya yanka maka faifan katako mai faɗin santimita 30, lafiyayye wanda bai lanƙwashe ba, in da hali ka ɗora gilashi ko fomaika a sama. Zaunar dashi a kwance akan boris, na tsohuwar fanka ko na tayar keke duk zasuyi, abinda ake so ya juya ba tangaɗi. Gina gada ta katako da ta ratsa samansa ta bi ta kan tsakiya daidai. A jikin gadar ka rataya ɗan akwati mai zamewa, a ƙasan akwatin 'yar taya wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta santimita 2 ne, ka sa mata siririn zoben roba, kuma ka auna ta ne bayan ka sa robar ba kafin ba. Wurin da mutane suka fi ɓatawa shine fuskar tayar: ƙusar da take juyawa akai dole ta kwanta a layin gadar tana nuna tsakiyar faifan, yadda in faifan ya juya zai murza tayar ta gungura, ba ya ja ta ta gefe ba. Ɗora ɗan nauyi akan akwatin, noti biyu uku sun isa. Yiwa faifan alama, yiwa tayar alama, liƙa rula a gadar sifirinta a saitin tsakiyar faifai.

Gwaji: ajiye tayar a santimita 2 ka juya faifan sau ɗaya, tayar zata juya sau ɗaya. A 6 sau uku, a 10 sau biyar. A tsakiya cak zata tsaya ko ka kwana kana juyawa, in ka tsallaka da ita ɗaya ɓangaren kuma baya zata riƙa yi. To juyin faifan shine lokaci, a jirgi mota ce ta lantarki mai gudu ɗaya tal take juya shi kamar agogo, wurin da tayar ta tsaya shine gudun da nisa ke canzawa, jimlar juyin tayar kuma shine nisan da ya ƙaru ko ya ragu. Juya sau biyar a santimita 4 ka samu 10, matsa zuwa 8 ka ƙara biyar ka samu 20, jimla 30, tsallaka ɗaya gefen a 4 kayi biyar ta dawo 20, jirgin ya juya ya fara gudu kenan. Daga nan ka sa wani ya riƙa juya faifan a hankali kai kana matsa akwatin kaɗan kaɗan ba tsayawa, abinda tayar ta tara a nan babu mai iya yinsa da ka cikin wannan lokacin.

Zaka lura da ka matsa akwatin tayar sai ta goge ta gefe ta ɗan zame, ƙirgen ya ɓaci. Wannan ciwon shi Ford ya magance, maimakon taya sai ya ɗora ƙwallon ƙarfe biyu ɗaya kan ɗaya a cikin ɗan keji, na ƙasa yana taɓa faifai na sama yana taɓa wata doguwar rola da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai turawa, ke dannawa, don haka kejin zai iya tafiya ko'ina ƙwallayen suna gungurawa ba gogewa, ko da faifan a tsaye yake. Sauran matsala biyu kuma zaka gamu dasu da ka fara haɗa sashe da sashe. Ɗaya lako-lakon giya, ka juya gaba sannan ka dawo baya sai shaf na biyu yayi ɗan jinkiri kafin ya biyo, wannan ɗan jinkirin a cikin injin mita ne masu yawa a teku, shi yasa suke yanka haƙora da matuƙar tsanani suna sa sifirin yana riƙe su gefe guda, kai kuma a naka ka riƙa zuwa kowace lamba ta gefe ɗaya kullum. Ta biyu rashin ƙarfi, 'yar tayar nan in ka ɗora mata jan wasu giyoyi goma zamewa zatayi, don haka a injin gaske ita nuni kawai take, wani makunnin lantarki yana bin motsinta yana kunna ƙaramar mota, motar ce ke jan kayan. Kar ka raina kayan da kake aiki dasu, a 1934 Douglas Hartree da ɗalibinsa Arthur Porter a jami'ar Manchester da kayan wasan yara na Meccano suka haɗa injin irin wannan lissafin kuma yayi aiki.

Yadda suke haɗuwa a jirgi kuwa, daga can sama masu hange ko rada suna aiko nisa da kusurwa ta waya, kamfas da ma'aunin gudu suna aiko na jirginka, ma'aikaci yana shigar da hasashen gudun abokin gaba da inda ya dosa. Mai raba gudu ya raba, difarensha ta haɗa, amsar ta tura kejin ƙwallaye, faifai ya tara, wata difarensha ta ƙara akan nisan farko, sai injin ya fito da nisan da shi yake ganin ya kamata ace ana kai yanzu. Ana gwama wannan da abinda rada ke gani, in sun saɓa to hasashen ne ba daidai ba, a gyara gudu ko kusurwa har allurai biyun su riƙa tafiya tare, daga nan kam ya bada sakan ɗin da harsashi zai ɗauka, mai ninkawa ya ninka da gudu a san inda jirgin zai kai, wata na'ura a gefe mai jairo, wato faifai mai juyawa da sauri wanda baya karkata ko jirgi ya kaɗa, tana cire kaɗawar igiyar ruwa, umarni ya tafi ga igwa. Da irin wannan tsarin haɗe da rada jirgin Washington ya ragargaza Kirishima na Japan cikin dare a Nuwamban 1942 kusa da Guadalcanal, kuma da aka dawo da jirage irin su Iowa aiki a shekarun 1980 ba a cire Mark 8 ba, da wannan injin ne Missouri da Wisconsin suka yi harbi a yaƙin Gulf na 1991, tunda warwatsuwar harsasan kansu ta fi kuskuren injin girma, sauya shi ba wani abu zai ƙara ba.

In zaka kwaikwayi wannan zagayen a gida mutum uku kuke buƙata. Ɗaya ya zana tafiyar jirgi a takarda a ɓoye yana faɗin nisa duk bayan juyi biyar na faifai, na biyu yana juya faifan da ƙirgen agogo, kai kuma kana kan akwatin taya kana matsawa har ƙirgenka ya riƙa dacewa da abinda mai takarda ke faɗa. Kafin kowane zagaye ku maida duk alamomin alli kan sifiri, ku goge ƙurar faifan da busasshen tsumma, kuma kar a kuskura a sa mai a saman faifan, boris ɗin ƙasa kawai ake sawa.